Karen Baba da Bazarar da Muka Kulle Gida

Karen gidanmu ba shi da suna. A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Guna, sunan kare yawanci habaici ne. Mutum in yana jin haushin maƙwabcinsa sai ya raɗa wa karensa maganar da yake so ya gaya masa, kullum ya tsaya a ƙofar gida yana ƙwala kira, maƙwabcin yana ji ba damar ramawa, sai dai shi ma ya nemi kare. Baba ya ce shi ba shi da wanda zai yi wa habaici. Fito kawai yake yi masa, gajere, sai ka ga karen ya ɓullo daga bayan rumbu yana kaɗa wutsiya.

Ja ne mai farin ƙirji, kunnensa ɗaya a yage tun wani faɗa da ban gani ba. Aikinsa ya bi Baba gona, ya kori awakin mutane daga tarin gyaɗa, da kaka kuma ya kwana tsakanin rumbuna. Yana da dokoki, kuma ina jin ya fi wasunmu kiyaye nasa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta ko tabarmar salla, ba ya sa baki a ƙwarya. Ba kuma wanda ke taɓa shi da hannu. Baba ma da ƙotar hauya yake sosa masa baya in sun zauna hutawa a gindin aduwar da ke tsakiyar gonarmu.

Inna ce ke ba shi abinci. In an gama cin tuwo sai ta kankare ƙanzo, ta haɗa da loma biyu da ta ware tun wajen kwasa, ta zuba a wani fasasshen kasko a gindin zana. Akwai wani kaskon kuma kusa da randa, na ruwa, wanda ba ta bari ya bushe. Ban taɓa jin ta yi masa magana mai daɗi ba. Abin da take cewa kawai shi ne, “Matsa can, mayen ci.” Amma in baƙi suka zo tuwo ya ƙare, daga nata take ragewa.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ni ma ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna ta damu da ni a gaban mutane. Haka na tashi na gani, ban ɗauke shi komai ba. Lokacin da aka kawo karen yana ɗan kwikwiyo ina shirin tafiya Damagaram lakkwal, wato makarantar boko. Duk hutu in na sauka a bakin hanya shi ne farkon wanda ke gane ni. Na gama lakkwal, na yi jami'a, na samu aikin ofis a wani biro, na kama ɗaki biyu a wani gida a cikin Birni, tsohuwar unguwar garin. Shi kuma bakinsa ya yi furfura, haƙoransa suka zube, sai 'yan kaɗan.

Baba ya rasu bayan an gama shigar da gero rumbu. Tun ranar karen ya bar kwana tsakanin rumbuna, ya koma bakin ƙofar ɗakin Baba. Inna ta yi takabarta, kuma duk tsawon takabar kaskon nan biyu ba su taɓa zama wayam ba. Da ta fita, dangi suka zauna suka ce ba za a bar ta ita kaɗai ba, ga gwiwa tana damunta, ga ɗanta a birni kusa da likita. Aka yanke ta koma wurina. Aka raba awaki a dangi, aka ba da kaji riƙo, gero aka ce za a riƙa aiko mana. An yi maganar komai har turmi da taɓarya. Ba wanda ya ambaci kare.

Ni na tuna da shi, kuma na yi ƙoƙari, in dai abin da na yi za a kira shi ƙoƙari. Mai gidan da nake haya baduku ne, dattijo, a zaure yake aikinsa, fatunsa kuma yana shanya su a wani kango da ke bayan gidan. Wata rana na dawo daga biro na tsuguna na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce:

“Alhaji, wai ni kuwa, wani abokin aikina ne ke tambaya. In mutum yana haya a cikin Birni, ya zo da kare fa?”

Bai ɗago daga fatar da yake yanka ba. “Kare, a cikin Birni? Abokin naka Nasara ne?”

“A'a, ɗan ƙauye ne.”

“To ya bar abinsa a ƙauye. Nan lungu ne, liman na bi, yara na bi. Ka gaya masa haka.”

Na ce to, zan gaya masa. Na shiga ɗaki ina jin kamar na sauke wani nauyi, tunda dai na tambaya an ce a'a.

Ranar da na je ɗauko Inna na sami Baffa, ƙanen Baba, wanda zana ɗaya ce ta raba gidansa da namu. Muna ɗaure kaya na ce masa, a hankali, kamar a lokacin abin ya faɗo mini, “Baffa, to karen fa?”

Ya yi dariya. “Ɗan lakkwal, kai ma dai. Kare ne zai rasa abin ci a garin nan? Ga gidana, ga na gwaggonka, ga na ɗan babban yayanmu, duk jini ɗaya. A bar shi, ai gida ne.”

Ban ga abin musu a maganar ba. Har yau in na juya ta ban ga ƙarya a cikinta ba. Kafin mu fita Inna ta cika kaskon ruwan har ya yi ambaliya, ta leƙa ta saman zana ta ce wa matar Baffa, “Ga kaskon nan fa.” Matar Baffa ta ce, “To, Yaya.” Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Na rufe ƙofar gida na sa kwaɗo, na ba Baffa mabuɗi ɗaya. Karen yana da ramin da yake bi ta ƙasan zana, don haka ba mu damu da shigarsa da fitarsa ba. Ya bi motar da ta ɗauke mu har inda gonaki suka ƙare, yana ɗingishi, sannan ya tsaya. Inna ba ta waiwaya ba. Ni na waiwaya na ga ya juya ya nufi gida.

Bazara ce, irin wadda ko bango ka taɓa sai ya ƙona ka. Inna ta saba da Birni fiye da yadda na yi tsammani. Ta koyi jiran mai ruwa, ta sami tsofaffin da suke zuwa masallacin Juma'a tare, tana taka yashin lungu a hankali da sandarta. Abu ɗaya na lura da shi. In tana kwashe tuwo, hannunta yakan ware loma biyu a gefen murfi. In an gama ci sai ta tsaya da murfin a hannu tana duban tsakar gida, daga baya ta zuba wa kajin matan gidan. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Matar da ta binne mijinta mutane suna yaba haƙurinta, ta yaya za a ji tana cigiyar kare? Ina jin haka ta auna abin. Ni kuma na auna cewa in na taɓo maganar zan sa ta jin kunya.

Duk Juma'a da yamma nakan kira Baffa a waya in miƙa mata. Gaisuwar tana da tsarinta, ba a tsallake komai. Ya gida, ya iyali, ya yara, ya zafi, ya ƙafar gwaggo, ya bisashe, akuyar nan ta haihu kuwa. Ana amsawa lafiya lau, sai godiya. In an kai ƙarshe Inna takan yi shiru, wayar na kunnenta, kamar akwai sauran abu. Sai ta ce, “To, shi ke nan. A gaida kowa.” Ta miƙo mini.

A wajenmu ana tambayar lafiyar jaki, ana tambayar kaji, har rijiya ana tambaya ko ta ƙafe. Kare ba ya cikin gaisuwa. Ba wanda ya hana, amma in ka yi za a yi dariya, kuma dariyar za ta daɗe tana yawo a gari. Sau ɗaya na kusa. Na ce, “Baffa, gidan namu fa, lafiya dai?”

Ya ce, “Gidanku na nan inda kuka bar shi, bai je ko'ina ba.”

Na yi dariya na kashe waya. Na gaya wa kaina cewa da akwai wani abu ai da ya faɗa.

Ƙauyen ba nisa. Da kabu-kabu, babur ɗin haya, mutum zai je ya dawo rana ba ta faɗi ba. Amma zuwa gida yana son dalili: suna, ko aure, ko ta'aziyya, ko wani saƙo. Na yi ta neman dalilin da zan faɗa in an tambaye ni abin da ya kawo ni, ban samu ba. Ga shef ɗinmu, shugaban biron, yana yawan tsayar da mu ranar Asabar saboda dosiyoyin takardun da suka taru, ni kuma sabo ne, ina tsoron a ce ba ni da himma. Duk mako sai in ce mako mai zuwa. Ba zan ce na manta da shi ba. Wataƙila da mantawa na yi da abin ya fi mini sauƙi yanzu.

Dalili ya zo da ruwan farko. Baffa ya kira ya ce ƙasa ta jiƙu, za a yi shuka, in ina so a shuka gonar Baba to in zo a yi da ni. Da safe ina shirin fita Inna ta miƙo mini ƙunshi.

“Ka ci a hanya,” ta ce, tana duban wani wajen.

Hanyar ba ta kai a yi mata guzuri ba. Da na taɓa ƙunshin na ji tuwon jiya ne, da ƙanzo a jiƙe. Na sa a jaka.

Na isa da hantsi, gari ba kowa, duk an tafi gona. Na buɗe kwaɗon da kyar, ya yi tsatsa. Tsakar gidan ta cika da ganye da kashin awakin da suka ɓarka zana suka shiga. Kaskon ruwan yana nan kusa da inda randa take a da. Ruwan saman jiya ya ɗan taru a cikinsa, amma a ƙarƙashin ruwan yashi ne ya kai rabi, wanda ya nuna an daɗe ba a taɓa shi ba.

Yana kwance a bakin ƙofar ɗakin Baba. Da farko na zaci tsohon buhu ne. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashin bayansa ya zube, ƙuda na bin idanunsa. Na tsaya. Na yi ƙoƙarin yin fito irin na Baba, leɓɓana suka ƙi, iska kawai ta fita. Duk da haka ya ɗago kai, wutsiyarsa ta bugi ƙasa.

Na zubar da yashin kaskon, na tsallaka gidan Baffa na ɗebo ruwa a bido, jarkar nan ta roba, na kawo masa har bakinsa. Ya lasa kaɗan, ya huta, ya sake lasa. Na kwance ƙunshin Inna na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana sansanawa. Ina so in yarda ya gane hannun da ya tuƙa tuwon, amma ban sani ba. Bai ci ba.

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Can na miƙa hannu na ɗora a kansa. Ya ɗan zabura, kamar bai san me ake nufi ba, tunda a iya sanina ba a taɓa yi masa haka ba. Sai kuma ya saki jiki. Kansa zafi, gashin kaushi kamar ƙaiƙayi, kunnen da ya yage kuwa laushi gare shi, abin da ban taɓa tsammani ba. Haka muka zauna har inuwar ɗakin ta janye daga kanmu. Kafin a kira azahar numfashinsa ya tsaya.

Matar Baffa ce ta fara dawowa daga gona. Ta ga ƙofa a buɗe ta leƙo, ta gan ni zaune, ta ga karen. Ta riƙe haɓa.

“Wayyo. Mu fa mun zaci wajen gwaggonka yake ci. Da farko yana zuwa gindin zana ina jefa masa, sai ya daina zuwa. Na ce to ya sami inda ya fi mu maiƙo.”

Daga baya gwaggo ta ce ita ma ta zaci a gidan Baffa yake ci. Na gidan ɗan yayansu suka ce sun gan shi yana bin juji kwanakin baya, sun ɗauka yawonsa ne. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya hana shi. Kuma ya tsufa ƙwarai, don haka ba zan iya rantsewa yunwa ko ƙishirwa ce ta kashe shi ba. Mai yiwuwa ko muna nan bazarar nan ce ta ƙarshensa. Nakan gaya wa kaina haka, wani lokaci ya yi mini amfani, wani lokaci bai yi ba.

Baffa ya shigo da igiya a hannu. Yadda ake yi ke nan: a ɗaura wa mushen kare igiya a ƙafa, a ja shi zuwa bayan gari, a bar wa ungulu. Ya sunkuya zai zarga, na ji bakina ya ce, “Baffa, a bari. Binne shi zan yi.”

Ya miƙe ya dube ni. “To madalla. Wa zai ja salla, ni ko kai?”

“Ba salla. Rami kawai.”

“Mutane na rige-rigen shuka kafin ƙasa ta bushe, kai kana haƙa wa kare rami. Abin da aka koya muku ke nan a jami'ar?”

Na ce a yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Na samo tsohon buhu a ɗakin Baba na naɗe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na saɓa a kafaɗa na ɗauki hauyar Baba na bi ta tsakiyar masu shuka, suna yi mini sannu da zuwa suna kallon buhun. Na ji ana dariya a bayana, kuma ban mutu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi daga baya, ganin iyakar abin da na yi ta gudu ke nan.

A gindin aduwa na haƙa. Ƙasar da taushi saboda ruwan jiya. Ina cikin haƙa na ga inuwar mutum, Baffa ne, sunguminsa a kafaɗa. Ya daɗe a tsaye.

“Ƙara zurfi,” ya ce. “In ba haka ba dila za ta tono shi.”

Na ƙara. Da na sa shi a ciki, Baffa ya taimaka da ƙafarsa wajen turo ƙasa. Bai dube ni ba ya ce, “Yaya kafin ya kwanta ciwo ya ce mini in riƙa lura da shi. Na ce to.” Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya gyara sungumin ya ce, “Zo mu je, iri na jira.”

Na koma Damagaram washegari da yamma. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi shuka, ta tambayi Baffa da gwaggo da yara da awaki, ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta yi shirun nan da na sani. Wannan karon ban bar shi ya wuce ba.

“Inna, karen ya mutu.”

Ta gyara bakin mayafinta. “Ka same shi da rai?”

“Na same shi.”

“Ya sha ruwa?”

“Ya sha.”

Ba ta tambayi tuwon ba, ban kuma gaya mata yadda na sami kaskon ba. Na ce mata dai na binne shi a gindin aduwa. Ta gyaɗa kai. Can ta ce, a hankali, “Duk Juma'a yana bakina.”

Na ce, “Ni ma haka, Inna.”

Ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta saba yi mini ba, sannan ta tashi ta ɗauki buta.

A gidan haya ba a ɓoye magana. Bayan kwana biyu ina wucewa ta zaure Alhaji baduku ya tsayar da ni.

“Ashe abokin aikin nan kai ne.”

Na sunkuyar da kai.

“Ni fatuna nake ji, malam. Kare mai haƙora in ya shiga kangon nan ai na shiga uku. Da ka ce mini tsoho ne, na Hajiya, ko ƙashi ba ya iya tauna, me zai hana ya kwanta can? Ko ɓera ya kora mini.”

Ban san ko da gaske yake ba, ko kuwa maganar da ake yi ce bayan abu ya wuce. Ba zan taɓa sani ba, domin tambayar da na yi masa ta wani ce daban, ya kuma amsa wadda aka yi masa.

Ba na son in ce na zama wani sabon mutum, don har yanzu sai na yi kewaye kafin in nemi izinin fita a biro. Abin da na ɗauka daga wannan bazarar kaɗan ne. In na bar wa dangi wani abu yanzu, nakan nemi mutum ɗaya in ce masa kai, ko da zai ga na cika naci. Kuma in ina so in san lafiyar wani abu nakan faɗi abin da bakina, in bar masu dariya su yi.

Inna ta daina ware loma, ko da yake wani lokaci nakan ga hannunta ya tsaya a kan murfi. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Baffa. Bayan mun gama gaisuwar da aka saba, na ce masa na ji maƙwabcinsa ya tafi cin rani ya bar kwikwiyo a gida, wa ke ba shi ruwa?

Ya yi dariya har da tari. “Ɗan lakkwal, ka zama sarkin karnuka ke nan. Amma tunda ka tambaya, ni ma kwana biyu ban gan shi ba. Bari in leƙa.”

Inna na gefe tana jan carbi. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ka ce masa ya tafi da ruwa.”